Rajistar inji da maganar Baba mai gadi

Kowace kwamfuta tana da rajista, irin wadda mai gadi ke ajiyewa a bakin ƙofar ma'aikata. Ba ta fitowa kan allo sai an neme ta, shi ya sa mutum zai shekara biyar yana aiki da inji bai taɓa ganinta ba. Amma tun daga lokacin da anka kunna shi har zuwa lokacin da za a kashe shi, babbar manhajar da ke tafiyar da injin tana rubutu layi bayan layi: ƙarfe kaza na tashi, ƙarfe kaza anka soka mini kile USB, ƙarfe kaza wane ya shigo, ƙarfe kaza aiki kaza ya fara. Masu gyaran inji suna ce mata jurnal ko log. Ni rajista nake ce mata, don aikinta ɗaya da ta mai gadi, rauninsu ma ɗaya ne. Abin da mai rubutu ya gani shi ke ciki, abin da ya wakana bayan idonsa ya rufe kuwa babu shi.

Ni ɗalibar ilimin harshe ce, ban taɓa zama ajin infomatik ba. Abin da ya haɗa ni da wannan rajista wasula ne. Mu shida ke rubuta memwar a hannun malami ɗaya, kan tsawon wasali da karin sauti a Hausar Maraɗi, Damagaram da Tawa. Kowa ya san rubutun boko ba ya nuna waɗannan abubuwa. Gari na zama da gari na tuwo harufansu ɗaya a takarda, amma a baki wasalin farko na ɗaya gajere ne, na ɗayan dogo. Don mu san iyakar bambancin a kowane kari, sai munka ɗauko muryoyin mutane lokacin hutu, kowa a garinsu, munka yanka su gaɓa-gaɓa, sannan manhajar Praat ta auna. Praat ɗin nan Paul Boersma da David Weenink na jami'ar Amsterdam sunka ƙirƙire ta, kyauta ce, kuma tana auna wasali da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Inji ɗaya gare mu, tsoho, mai Ubuntu, RAM ɗinsa giga 4. RAM ita ce shimfiɗar da inji ke baza aiki a kai yayin da yake yi, kamar tabarmar shanya. Da rana kowa yana bin layi don buga rubutunsa, saboda haka aikin aune-aune sai dare. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna cron, wadda aikinta kawai duba agogo: in lokacin da anka ba ta ya yi, ta tada aikin da anka ce. Namu aikin ƙarfe 10 na dare take tada shi. Da safe mu zo mu tarar da tebur cike da lambobi, kowa ya kwashi nasa.

Haka anka tsara. Amma a watan Afrilu, tsakiyar zafi, sai munka riƙa zuwa da safe muna tarar da wayam. Babbanmu a ɗakin, wanda ke shirin dokta kuma muke kira Yaya, yana da kaye da yake sa alama kowace safiya: an samu sakamako, ba a samu ba. Ƙarshen wata ya ƙirga, dare 11 cikin 30 babu komai. Lokacin kare memwar yana matsowa, kowane dare da ya ɓace kamar an zare mana shafi ne. Ana cikin wannan ɓacin rai sai wani ya ce ya taɓa ganin salular mai gadi soke a ralonj ɗin ɗakinmu. Mai gadin yana da mabuɗi, a barandar nan yake kwana, ga zafi, ga fanka tasa ƙarama. Kafin la'asar labari ya haɗu: tsoho yana zare injinmu ya soka fankarsa da wayoyin maƙwabta.

Yaya ya rubuta takarda zuwa ga masu ɗaukar masu gadi. Da na ce a dakata, ya ce mini: "Ƙanwata, ba ni na faɗa ba, lissafi ne. Dare 11 cikin 30." Kowa ya san abin da irin wannan takarda ke yi wa mutumin da ke aikin kwantaragi. Ba a kiran shi a tambaye shi, wani kawai zai gani a kan bencinsa. Tsohon nan kuwa shi ke ajiye mana shayi in mun yi dare, shi ke raka ƴan mata bakin titi. Da na gaishe shi da yamma ya riga ya ji. Ya ce: "Ɗiyata, ni ko inda ake kunna shi ban sani ba. Salula dai na taɓa sawa, ban zare komai ba." Malam ya karɓi takardar ya sa cikin aljihun tebur, ya ce ya ba mu mako ɗaya, wanda ke da hujja ya kawo.

Lambar Yaya gaskiya ce, amma amsar tambaya ɗaya kawai take bayarwa: safiya nawa ba a samu sakamako ba. Ba ta faɗi ƙarfe nawa aikin ya tsaya, ko tsawon da yake ɗauka in ya tafi daidai, balle mi ya tsayar da shi. Wani ɗalibin infomatik, ɗan unguwarmu a Maraɗi, shi ya nuna mini inda rajistar take, cikin wani kundi mai suna /var/log, ya koya mini umurni biyu ko uku, ya tafi jarrabawarsa. Sauran aikin da kayan ajinmu na yi shi, don da na buɗe fayil ɗin abin da na gani kofus ne: dubban jimloli na mai magana ɗaya, cikin harshen da ban iya ba, ba ƙamus, ba mai fassara.

Malamanmu sun koya mana in ka samu irin wannan, ka fara da abin da ke maimaituwa. Kowane layi ginin jimlarsa ɗaya ne. Wata da rana da lokaci a farko, sai sunan inji, sai sunan mai magana da lambarsa, sai saƙon. Layin da ke tada aikinmu yana farawa kamar haka: Apr 14 21:00:01, sunan injin, sai CRON da wata lamba, sai CMD da umurnin da anka tada. Mai karatu ya riƙe wannan 21 ɗin, za mu koma kanta. Abu na farko da ya ɗaure mini kai shi ne babu shekara. Ashe tsohon gado ne. Wannan tsarin rubutu, syslog, Eric Allman ya fara shi a shekarun 1980 don manhajar aika wasiƙu ta Sendmail, ya bazu ko'ina ba tare da an zauna an rubuta nahawunsa ba. Sai a 2001 anka rubuta bayanin yadda mutane ke amfani da shi, sannan a 2009 anka fito da sabon ma'auni mai shekara da yankin agogo. Wato kamar kowane harshe, baki ya riga alƙalami. Har da matakan murya gare shi, guda 8, daga 0 mai nufin gari ya kama da wuta zuwa 7 mai nufin surutun masu gyara.

Cikin karatun asalin abin ne na ci karo da manyan injinan IBM, waɗanda manyan bankuna da kamfanonin jiragen sama ke aiki da su tun shekaru masu yawa. A can kowane saƙo yana da suna, kuma sunan ƙirar kalma ce tsantsa. IEF403I yana nufin aiki ya fara, IEF404I yana nufin aiki ya ƙare. IEF ɗafa-goshi ne mai nuna sashen da ke magana, lambar tsakiya ita ce saiwa, harafin ƙarshe ɗafa-ƙeya ne mai nuna abin da ake so da mai sauraro. I labari ne kawai, A sai mai kula da inji ya tashi ya yi wani abu, D sai ya yanke shawara. Masu aiki a can ma suna haɗa layin farawa da na ƙarewa su fitar da tsawon aiki. Amma in ana son lissafin da za a kafa hujja da shi, IBM ta ware wani kundi daban mai suna SMF. Daga nan na fahimci abu ɗaya: saƙonnin rajista don idon ma'aikaci anka rubuta su, ya karanta ya wuce. Wanda ke son ƙididdiga daga cikinsu shi zai tatso ta da kansa, kuma nauyin fassarar a wuyansa yake.

Kayan tatsar ma ba baƙi ba ne a gidanmu. Umurnin grep, wanda ke zaƙulo duk layin da ke ɗauke da kalmar da ka ba shi, Ken Thompson ya rubuta shi a farkon shekarun 1970. Kamar yadda Brian Kernighan ke ba da labari, abokin aikinsu Lee McMahon ne ke nazarin kalmomin wasu tsofaffin maƙalun siyasa na Amurka don gano wanda ya rubuta kowace, fayilolin sunka fi ƙarfin manhajar da yake da ita. Ke nan aikin harshe ya haifi grep. Na biyun, awk, na 1977 ne, sunansa harufan farko na Aho, Weinberger da Kernighan. Shi yana yanka layi gida-gida, ka ce ba ni gida na uku da na biyar, ya ba ka. Duk wanda ya taɓa yin jadawalin kalma cikin muhallinta ya riga ya san wannan aiki.

Da grep na fitar da layin farawa na kowane dare. Guda 30 cif. Wannan shi ne sakamako na farko: babu daren da ƙarfe 10 ta yi injin yana kashe. Sai na nemi layin ƙarewa, babu ko ɗaya. A Ubuntu, in ba a canza saiti ba, cron farawar aiki kawai take rubutawa. Mai magana ne da ya iya "na tafi" bai iya "na dawo" ba. Amma akwai rajista ta biyu, auth.log, mai kula da shiga da fita. Duk lokacin da cron za ta yi aiki da sunan wani, ana rubuta an buɗe zama, in ta gama a rubuta an rufe zama, kuma layukan biyu lamba ɗaya suke ɗauke da ita. Wannan lamba ita ce wakilin suna, ita ke nuna cewa wanda ya fita shi ne wanda ya shiga. Na haɗa su biyu-biyu. Dare 23 suna da buɗewa da rufewa. Dare 7 an buɗe ba a rufe ba.

A nan lissafi ya fara rabuwa da kayen Yaya. Shi yana da dare 19 masu sakamako, ni ina da 23 da anka rufe. Ina sauran 4? Sai da na auna tsawon kowane dare sannan sunka fito. Aunin ma yana da tarko, don aiki yana farawa yau ya ƙare gobe, in ka cire 21 daga 2 sai ka samu lamba ƙasa da sifili. Hanyar ita ce a mai da kowane lokaci daƙiƙoƙi, yadda injinan Unix ke ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu 1970, a cire ƙaramar daga babbar. Darare 19 sun ɗauki tsakanin awa 4 da awa 6 da rabi. Uku sun rufe kafin awa ɗaya ta cika. Ɗaya ko minti bai kai ba.

Wanda ya tara duka 23 ya raba zai samu matsakaici mai daɗin gani, har ya ce injin yana da sauri. Alhali darare huɗun nan ba sauri sunka yi ba, faɗuwa sunka yi. Kalmar "closed" ta rajista ba ta bambanta aikin da ya kammala da wanda ya katse. Hausa ta fi ta wadata a nan: akwai ya gama, akwai ya tsaya, akwai ya mutu, akwai an kashe shi. Rajistar shiga da fita kalma ɗaya gare ta ga dukansu. Kafin a yi kowane lissafi sai an raba ma'anonin nan, in ba haka ba ana tara gero da tsakuwa ne a tiya ɗaya.

Darare ukun na same su a rajista ta uku, ta zuciyar manhaja, kern.log. Daidai mintin da zaman ya rufe akwai layi mai cewa "Out of memory: Killed process", sai lamba da sunan Praat. In tabarmar shanya ta cika maƙil, Linux da kanta take zaɓar aikin da ya fi cin wuri ta kashe shi don sauran su rayu. Na duba fayilolin da ke kan layi a daren, sai ga su dogaye ne, hirarraki da tsofaffi waɗanda anka ɗauka ba tare da yankewa ba. Na'urarmu tana ɗaukar ma'auni 44,100 a kowace daƙiƙa, awa ɗaya ke nan ma'auni 158,760,000, kuma aikinmu yana ɗora fayil gaba ɗayansa kan RAM kafin ya fara. Abin lura ga ɗan nahawu: jimlar ba ta da mai aikatawa. "An kashe" kawai ta ce. Duk wanda ya karanta ta da zargi a zuciyarsa zai cike gurbin da sunan wanda yake zargi. A nan kuwa mai kisan injin ne da kansa.

Daren da bai kai minti ba, harufanmu ne sanadi. Ƙaramin shirin da ke jera fayiloli kafin Praat ta fara yana karanta rubutu da tsarin UTF-8, inda ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kowane ke da lambarsa ta duniya. Ranar an ƙara wani rubutu da anka buga tun da daɗewa a wani tsohon inji, da tsohon tsarin harufa. Shirin ya kai ga harafin da bai gane ba, ya rubuta kuskure cikin nasa fayil, ya ajiye aiki. Dare 4 cikin 11 ke nan sun fita daga wuyan Baba, don duk tsawon dararen injin yana kunne yana ta rubutu har safiya.

Saura 7, kuma su ne masu wuya. A cikinsu rajista ba ta ce komai ba, yankewa kawai ta yi. A wasu ma ƙarshen layin wasu alamomi ne marasa ma'ana a jere, irin wanda ke faruwa in wuta ta yanke ana tsakar rubutu. Bayan shirun sai layukan tashi, don an saita injin ya kunna kansa in wuta ta dawo. Umurnin last, mai nuna tarihin kunnawa da kashewa, yana da kalmomi biyu: "down" in an kashe inji ta hanyar da ta dace, "crash" in ya faɗi ba sallama. Duk wanda ya bar zamansa a buɗe a dararen nan, "crash" anka rubuta masa. Kuma cron ba ta rama abin da ya wuce. In inji ya tashi ƙarfe 3, ba za ta koma kan aikin ƙarfe 10 ba sai wani daren.

Gaskiyar da dole a faɗa ita ce, a wajen inji ɗaukewar wuta da zare fulogi abu ɗaya ne. Dukansu shiru ne. An ce shiru ma magana ce, amma ba ya faɗin sunan kowa. Abin da zan iya samu shi ne lokacin da shirun ya fara. A Ubuntu akwai wani ƙaramin aiki da ke tashi minti 17 bayan kowace awa, ko da ba abin da zai yi, kuma kowane tashi yana barin layi. Kamar tarin mai gadi ne cikin dare, ka ji shi ka san yana nan. In akwai layin 23:17 babu na 00:17, to tsakanin nan abin ya faru. Layin tashi kuma yana nuna lokacin da wuta ta dawo. Haka na samu taga ga kowane dare cikin bakwai.

Shaida ta biyu a aljihunmu take. Ɗakin aikinmu layin wuta ɗaya yake da gidajen kwanan ɗalibai da ke bayansa, kuma muna da zauren WhatsApp inda ba a ɗauke wuta cikin zafin Afrilu ba tare da wani ya rubuta "sun ɗauke" ba, wani ya bi da "Allah ya isa", in ta dawo a ce "sun kawo". Kowane saƙo da lokacinsa. Wannan ma kofus ne, na masu magana da yawa. A nan 21 ɗin nan ta dawo. Aikin ƙarfe 10 na dare, wato 22, rajista tana rubuta shi 21, don wanda ya girka injin ya bar shi kan agogon duniya na UTC, Nijar kuwa tana gaba da shi da awa ɗaya rani da damina. Wanda ya jera lokutan biyu ba tare da ƙara wannan awa ba zai ga kullum injin ya mutu kafin wutar unguwa ta tafi, ya ce ga hujja, hannu ne ya zare. Awa ɗaya tak, amma ta isa ta raba mutum da abincinsa. Da anka daidaita agogon, dare 6 sun faɗa daidai: "sun ɗauke" yana cikin taga, "sun kawo" yana kusa da layin tashi da minti ɗaya ko biyu.

Dare ɗaya ya rage. Shirun gajere ne, bai kai minti 40 ba, wajen ƙarfe 2 da rabi, kuma zauren WhatsApp bai ce uffan ba. Na kai wa Malam takarda shafi ɗaya: 19 sun kammala, 3 RAM ta cika, 1 harafi, 6 wutar unguwa, 1 ba bayani. Yaya ya daɗe yana kallon layin ƙarshe, ya ce: "To wannan fa?" Na ce Yaya, wannan rajista ba ta faɗa ba. Ana iya ɗauke wuta kowa yana barci, fulogi yana iya yin sako-sako, hannu ma yana iya taɓa shi. Wanda ya rubuta suna a wannan gurbi daga zuciyarsa ya ɗauko. Malam ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ya ciro takardar daga aljihun tebur ya miƙa wa Yaya abinsa. Don Allah a yi masa adalci, washegari shi ya fara zuwa ya gaida tsohon, sunka sha shayi tare.

Rajistar ta ba mu wani abu da ba mu nema ba. A dararen da aikin ya haura awa 6, kern.log cike take da layukan da ke cewa zafin furosesa ya wuce iyaka, an rage mata gudu. A ƙasar da rana ke wuce digiri 40 a Afrilu, ɗaki a rufe yana riƙe zafinsa har tsakar dare. Munka buɗe injin munka hure ƙurar da ta toshe fankarsa, munka ɗaga shi daga ƙasa. Munka kuma sa umurnin time gaban aikin, wanda ke raba lokacin agogon bango da lokacin da furosesa ta yi tana lissafi da gaske. Sai ga shi wani babban kaso na daren jira ne kawai, injin yana jiran tsohon faifan waje ya miƙo masa murya ta kebul. Da munka kwafe muryoyin cikin injin, aikin ya riƙa ƙarewa da wuri, kuma duk awar da ya rage, awa ce da ɗaukewar wuta ba za ta same shi ba.

Sauran gyaran ba su da wuya. Dogayen hirarraki munka yanka su minti goma-goma. Aikin yana ajiye sakamakon kowane fayil da zarar ya gama shi, in ya faɗi ya ci gaba daga inda ya tsaya. Cron munka canza mata saiti ta riƙa rubuta ƙarewa da faɗuwa, ba farawa kaɗai ba. Agogo ya koma na Nijar. Kowane ƙarshen mako muna kwafe rajistar mu ajiye, don injin yana share tsofaffin bayan ƴan makonni, kuma da maganar nan ta ƙara wata ɗaya kafin ta tashi, da shaidar farkon Afrilu ta tafi. Munka kuma yi karo-karo, jika-jika, munka sayi ondilar na hannu, batirin nan da ke riƙe inji na ɗan lokaci in wuta ta yanke.

Akwai wani umurni mai suna logger da ke ba kowa damar rubuta nasa layi cikin rajistar inji. Tunda mu ne masu karantawa, munka yanke aikinmu ya riƙa magana da Hausa, kuma kowace jimla ta faɗi wa ya yi, mi ya yi, a kan wane fayil. Zaɓen kalmomin ya ci mana yamma guda. Ƴar Damagaram ta ce "an gama", ɗan Tawa ya ce a wajensu "an ida" ake cewa in abu ya kai ƙarshensa, Yaya ya ce "an ƙare" tana iya nufin abu ya ƙare maka kana so, don haka ba ta dace ba. Daga ƙarshe munka raba musu aiki. "Na fara" ga tashi, "na gama fayil kaza" ga kowane mataki, "na tsaya a fayil kaza saboda kaza" ga faɗuwa, "na ida" kuma sai in ba abin da ya saura. Ga ƴan'uwa masu aiki da inji ɗaya su da yawa, a jami'a ko a rediyo ko a siber, shawarata ita ce ku san inda rajistarku take tun kafin rigima ta tashi, ku duba agogonta, ku koya mata kalmar da ke bambanta aikin da ya ida da wanda ya tsaya.